Cikon Goma a Layin Maɗinka

Velvel Pinsker ya zana Zundel Brodkin a cikin gangar kokwamba, majami'ar Yahudawa ta Layin Maɗinka kuwa ta rasa mutum na goma. Abin da ya faru ke nan, duk wanda ya gaya maka wani abu daban to yana cikin zanen ne.

Velvel mai guga ne. Tun yana yaro yake tsaye a bayan shagunan telolin unguwar Stepney a Landan yana danna dutsen guga a kan kwat ɗin mutanen da bai taɓa gani ba, har tururi ya dafa masa ƙirji, ƙafafu suka kumbura, aka ce ya je gida ya huta. Hutun ne bai iya ba. Da matarsa Zlata ta rasu sai ya ciro ƙyauren wani gida da ake rushewa a bayan layinsu, ya kwantar da shi a kan kujeru biyu, ya tattaro ragowar fentin ƙofa da na taga, ya kama zanen ranar Cable Street, ranar da masu baƙar riga, 'yan ƙungiyar ƙin jinin Yahudawa, suka ce sai sun ratsa unguwar Yahudawa da maci, unguwa ta ce ba ta san wannan zance ba.

Ba wanda ya koya masa zane, kuma ba sai an faɗa ba. Dawakan 'yan sanda sun fi kama da karnuka masu ciwon ciki, ɗaya ma ƙafarsa biyar. Gidaje sun jingina da juna kamar mashaya. Nesa da kusa bai dame shi ba, a wurinsa wanda ya fi daraja shi ya fi girma. Shi ya sa Zlata, tsaye a kan motar kayan da aka kifar aka tare titi da ita, ta zarce bututun hayaƙin gidaje, da jan kallabinta, da kasko a hannu. Da gaske ta hau motar nan a ranar, kuma da gaske kaskon ya sauka a kan wani. Hotunansu na ƙuruciya duk sun ƙone lokacin ruwan bom na yaƙin duniya, na tsufa kuma ba ta yarda an ɗauka ba, ta ce wa zai kalla. To fuskar nan ta kan ƙyaure ita kaɗai ta rage a duniya, kuma a cikin taron da ya zana ita kaɗai ta fito masa daidai, shi kansa bai san yadda aka yi ba. Sauran mutanen unguwa da fuskar da suke da ita yanzu ya zana su, don ita ya sani: ga samari nan suna jifa da duwatsu, kowanne da sanƙo da tabarau da haƙoran roba.

Majami'ar, a da sai ka yi sammako kake samun wurin zama. Yanzu rabin jama'a sun koma Ilford inda ake da ɗan lambu a bayan gida, rabi sun koma maƙabarta, na maƙabartar ma sun fi na Ilford kusa. Shagon mahauci ya zama na ɗinkin rigunan fata, gidan burodi ya zama sito. Tsofaffi goma cif suka rage. Addu'ar jam'i kuwa ba ta tsayuwa sai da maza goma. Tara, ko da duk malamai ne, ba sa buɗe akwatin Attaura, ba sa yi wa mamaci addu'ar nan da ake kira Kadish. Saboda haka in ɗaya ya yi tari, sauran tara ke layi a ƙofarsa da romon kaza, ba wai don suna sonsa ba.

Velvel ya fi kowa bukatar goman nan a bana. Cikar shekara da rasuwar Zlata ta kusa, ba su da ɗa, shi zai tashi ya yi mata Kadish. Ranar kuma ta faɗo Asabar, ranar hutun da addininsu ya hana hawa bas, majami'a mafi kusa bayan tasu kuwa ƙafafunsa ba za su kai shi ko rabin hanya ba. Ko a Layin Maɗinka, ƙarƙashin benen mata na majami'ar inda ta zauna duk rayuwarta, ko babu.

Ana cikin haka wata yarinya mai aiki a laburaren unguwa ta ji labarin ƙyauren, ta zo ta gani, ta ce za a rataye shi a zaurensu in bikin tunawa da ranar Cable Street ya zo. Ta ce zanen yana da tsarkin zuciya irin na yara. Velvel ya kwana yana juya maganar ko zagi ce, bai gano ba. Getzel, mai riƙe da mabuɗin majami'a, ya ce kafin baƙi su gani sai 'yan gida sun gani. Ranar wata Lahadi da safe aka ɗauko ƙyauren aka jingine shi a ɗakin baya, inda ake shan shayi da kifi mai gishiri bayan addu'a.

Kowa ya gyara tabarau ya shiga neman kansa. Zundel ya fi kowa daɗewa. Shi mai sayar da kokwamba mai tsami ne a kasuwar layi, gado daga ubansa, kuma tun ranar Cable Street yake ba da labarin yadda ya haye motar kaya ya fizgo ɗan sanda daga kan doki. Kowace shekara ɗan sandan sai ya ƙara ƙiba. Ya duba kan mota, ya ga Zlata. Ya duba gindin mota, ya duba tagogi.

Ya ce, "Velvel, ina nake?"

Velvel ya nuna can ƙasa, a lungun hagu.

"Wannan ai ganga ce."

"Duba bakinta."

A bakin gangar ga ɗan sanƙo ya leƙo, da idanu biyu zuru-zuru, da murfi a bisa kamar malafa.

Velvel ya ce, "A ciki na gan ka, a ciki na sa ka."

"Kaya nake tsarewa, mai guga. Kokwambar ubana ce."

"To ai tsarewar na zana. Daga ciki."

Da ba a yi dariya ba, da watakila ta wuce. Amma Shmerl mai gyaran takalma ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya, sauran kuma suka bi. Zundel ya koma cikin majami'a, ya ɗaga murfin kujerarsa, ya zaro jakar mayafin addu'arsa. Jakar nan ba a fita da ita sai mai tashi daga unguwa ko mai zuwa kabari. Ya saƙale ta a hammata ya fice, yana faɗin jikokinsa na zuwa laburaren nan karatu, in har za su gan shi a ganga to a nemi ganga ta cika musu goma.

Washegari suka tashi tara. Getzel ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen masu wucewa ko zai tsinci Bayahude, kamar mai jiran kifi a busasshen kogi. Sau ɗaya ya kama wani direban tasi, shi ma ya ce a yi sauri ya bar mota a inda aka hana ajiyewa, kuma bai sake biyowa ta layin ba. Abdul Motin, mai shagon rigunan fata na kusa da su, ya gaji da ganin tsoho a tsaye cikin yayyafi, ya fito ya ce in mutum ɗaya ne matsalar ga shi, shi ma mai ibada ne, zai tsaya a baya ba zai taɓa komai ba. Getzel ya yi masa godiya ya ce lissafin ba haka yake ba. Amma sai da ya ɗan yi shiru kafin ya faɗa, duk wanda ke wurin ya gani.

Sai Getzel ya tare Velvel. Ya ce manyan da ke can ofishin hukumar majami'u sun daɗe suna zuba wa ginin nan ido, in suka ji addu'a ta tsaya sai kwaɗo. Ya ce gaskiya abu ce mai kyau, amma ba ta amsa amin. Ya tuna masa ranar Zlata, ko da yake ba sai an tuna masa ba.

Velvel ya kawo gwangwanayensa ɗakin baya ya shafe gangar, ya mai da wurin bango. Getzel ya kai labari, ya dawo da amsa: wato yanzu Zundel bai ma zo Cable Street ba ke nan? Velvel ya zana shi a tsakiyar taro, hannu a dunƙule a sama. Getzel ya sake zuwa, ya sake dawowa: Zundel ya ce zai yi tunani.

A nan ne tsofaffin suka gano wani abu da ba su taɓa lura da shi ba duk zamansu. Ba Zundel kaɗai ne na goma ba. Kowannensu na goma ne.

Shmerl ne ya fara. Ya zo yana shafa jakar mayafinsa a hankali, ya ce ba wai yana ƙorafi ba, amma a lokacin yana da suma har tana rufe masa ido. Velvel ya dasa masa suma. Kalman ya biyo baya, mutumin da a ranar Cable Street yana can Lodz bai ma san da wani gari wai shi Landan ba, sai bayan yaƙi ya zo. Ya ce jikinsa ne ba ya wurin, amma zuciyarsa tana sahun gaba. Shi ma jakarsa na kan cinya. Aka sa shi a sahun gaba. Wani ya ce a sa masa doki a ƙarƙashin ƙafa, aka ba shi mai ƙafa biyar ɗin. Wani ya ce ƙanensa da ke Ilford ba ya nan a ranar, a cire shi, aka cire. Getzel da kansa, da ya zauna yana tsaki yana cewa mutane ba su da kunya, ya jira kowa ya fita ya ce shi ba ya son komai, sai dai a duba, ko a mafarki Shmerl bai taɓa fin sa tsawo ba.

Ƙyaure kuwa ƙyaure ne, ba ya miƙewa. Duk wanda aka ƙara wa tsawo sai an rage wani abu. Masu baƙar riga aka fara ci, tunda ba mai zuwa ya yi musu magana. Sahu-sahu suka ɓace a ƙarƙashin kafaɗun tsofaffi, 'yan sanda suka bi su, har ya zama a gefen dama ba abin da ya rage na abokan gaba sai takalmi ƙafa ɗaya. Wanda bai san labari ba zai ce wasu ƙattan tsofaffi ne suka fito suna dambe da iska. Sama da su duka Zlata na nan da kaskonta, ita kaɗai ba ta roƙi komai ba.

Zundel dai bai dawo ba. Asabar ɗin Zlata ta matso har ana iya jin ƙamshinta. Velvel ya sa takalmin da ya tsaga wa baki saboda kumburi, ya nufi dogon benen hukuma inda Zundel ke zaune. Na'urar hawa ta lalace kamar kullum. Ya hau yana hutawa a kowane hawa, ya isa yana huci kamar tsohon dutsen gugarsa.

Zundel ya karɓe shi da fara'a, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ba shi kujera mai kyau, ya zuba masa shayi a gilas, ya kawo kokwamba a faranti, ya tambayi ƙafa. Ga jakar mayafin nan a kan talabijin inda ba yadda za a yi baƙo bai gan ta ba. Velvel ya ce an fitar da shi daga ganga, an sa shi a taro, hannu a sama, me kuma ya rage. Zundel ya ce ya ji an ba Kalman sahun gaba, mutumin Lodz, shi kuwa da aka haifa a layin an cusa shi a tsakiya kamar cikon benci.

Velvel ya ce, "Faɗi abin da kake so, ƙafata na zogi."

"Kan mota."

"Akwai mutum a kan mota."

"Na gani."

"To zan matsa ta kaɗan in sa ka gefenta."

Zundel ya girgiza kai. Ya ce jikokinsa sun san labarin tun suna goye, mutum ɗaya ne a kan motar, kuma kakansu ne. In suka je suka tarar da wata ƙatuwar mata riƙe da kasko, shi kuma yana rakuɓe a gefenta kamar ɗan aike, gara ma gangar.

Velvel ya ajiye gilas. "Zundel, ka san ita ce ta hau. Ta murfin ganga ka gan ta."

"Allah ya ji ƙan Zlata, mace ce ta gari, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma kai ma ka sani, ko tana raye ba a ƙirga ta a goma. Ni ake ƙirgawa. Ita Kadish take bukata yanzu, mutumina, ba fenti ba."

Velvel ya kira shi da wani suna da ba a faɗa a gidan mutum, ya sauko. Saukowar ta fi hawan wuya.

Ya gwada duk wata dabara. Ya sa Getzel ya buga waya Ilford, ko wani zai zo ya kwana a unguwa daren Asabar. Ɗaya ya ce matarsa ba lafiya, ɗaya ya ce ina zai ajiye mota, ɗaya ya tambaya wai majami'ar tana nan har yanzu? Ƙanen nan da aka cire daga zane ya riga ya ji, ya kife waya. Velvel ya ce to shi zai je Ilford ya kwana, sai ya duba ya ga duk Ilford ba gidan da zai ƙwanƙwasa. Tsofaffin nan takwas kuma suka sa shi gaba, su da aka gama yi wa suma da tsawo, suna cewa taurin kai ba addini ba ne, mene ne a ciki, fenti ne fa kawai. Shmerl ya ce ai ya iya zana ta, in biki ya wuce sai ya sake wata a wani katakon, har ta fi wannan.

Ranar Alhamis da safe bayan an watse, Velvel ya zauna shi kaɗai a ɗakin baya a gaban ƙyauren. Ya daɗe. Sannan ya ɓalle murfin gwangwanin fenti mai ruwan toka, wanda yake yin sararin sama da shi. Daga ƙafa ya fara, don ya jinkirta. Fentin ƙofa ba ya san wasa, shafa ɗaya yake cinye abin da ke ƙasa. Siket ya tafi, hannu da kasko suka tafi. Da ya zo wuya ya tsaya ya goge buroshi, ya fita ya tsaya a bakin titi yana kallon Abdul Motin na sauke fatu daga mota, ya dawo ya gama.

Zundel ba shi da wuyar zane: sanƙo, hanci, tumbi. Ya ɗora shi a kan mota, ya ba shi ɗan sanda a hannu, riƙe ta ƙeya kamar kaza. Shi ne ɗan sanda ɗaya tak da ya rage a zanen.

Juma'a da rana Zundel ya zo duba aiki, jaka a hammata bai ajiye ba tukuna. Ya ja baya, ya matso, ya karkata kai. Ya ce hancin ya yi yawa amma ba komai, shi ba mai son rigima ba ne. Sai ya sa yatsa a saman kansa na zane, inda ɗan ja-ja ke leƙowa ta cikin tokar, bakin kallabin Zlata. Ya ce wannan fa, mutane za su ce an fasa masa kai. Velvel ya tsoma buroshi ya rufe. Zundel ya shiga ciki ya ɗaga murfin kujerarsa ya mai da jaka.

Ranar Asabar suka cika goma. Getzel ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Aka buɗe akwati, aka yi karatu, lokaci ya yi Velvel ya miƙe a kan kumburarrun ƙafafunsa, ƙarƙashin benen matan da ba kowa a cikinsa, ya yi wa Zlata Kadish daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Murya tara suka amsa. Ta Zundel ta fi ta kowa ƙarfi, har da jan amin ɗin. Da aka koma ɗakin baya shi ya fara ɗaga ɗan kofin wiski ya ce Allah ya ɗaukaka ranta, mace ce jaruma, irinta ba su da yawa, yana tsaye daidai ƙarƙashin zanen kansa a kan motar.

Yarinyar laburare ta zo da mota aka ɗauki ƙyauren. Ta ɗan tsaya, ta ce kamar a da akwai mace a nan. Getzel ya ce mai zane ne ya yi gyara. Aka rataye shi a zaure, jikokin Zundel suka zo aka ɗauke su hoto a gabansa.

Velvel ya samo murfin wani tsohon akwatin shayi, ya kwantar a kan kujerun nan biyu, ya haɗa fenti ja. Kallabin ya fito, kaskon ya fito. Fuskar ce ta ƙi. Ya shafe ya sake, ta fito wata mata mai sayar da kaji. Ya sake, ta fito ba kowa ba. Ya yi ta yi har fenti ya yi tudu a wurin kamar ƙurji, ya nemo wani katakon, shi ma haka. Da sanyi ya shigo ya daina, ya tura gwangwanayen ƙarƙashin gado. Yana dai zuwa majami'a kullum da safe, don in bai zo ba su tara ne.